Afuwa Ga Wanda Ya Shiga Ƙasa Ba Ta Ƙofa Ba

A ce wani baƙo ya iso gari da dare, ya tarar an rufe ƙofa, sai ya haura katanga ya shiga. Gari ya waye, bai yi sata ba, bai taɓa kowa ba, ya kama aikin ƙarfi yana cin guminsa. Shekaru suka wuce, ya nemi auren 'yar gari aka ba shi, har suka sami 'ya'ya. Ran nan sai aka tuna yadda ya shigo. To, me ya kamata hukuma ta yi da shi? In ta kore shi ta raba mace da mijinta, alhali ita matar ba ta haura katangar kowa ba. In kuwa ta ƙyale shi, gobe duk mai son shiga sai ya bar ƙofa ya nufi katanga.

Wannan tambaya tana gaban ma'aikatan Gwamnatin Amurka kullum safiya, kuma ta shafi gidaje dubu ɗaruruwa. Yadda dokar ƙasar ta amsa ta abin dubawa ne, don a cikinta za mu ga inda shari'a da jinƙai suka haɗu, da inda suka rabu. Zan riƙa cewa miji ne baƙon, mata ce 'yar ƙasa, don sauƙin magana kawai. Dokar ba ta bambanta ba, sau da yawa ma matar ce baƙuwa.

Bari mu fara da yadda abin ya samo asali. Iyakar Amurka da Meksiko ta kusa mil 2,000, wani wuri kogi ne, wani wuri hamada. Tun da daɗewa mutanen Meksiko sukan haye su yi ƙodago a gonakin Amurka su koma gida, kamar dai yadda 'yan cin rani ke yi. Daga 1942 zuwa 1964 ma Gwamnatocin biyu ne suka shirya abin da kansu, aka rubuta takardun kwangila fiye da miliyan 4. Da aka rufe wannan shiri gonaki ba su daina neman ma'aikata ba, ma'aikata kuma ba su daina zuwa ba, sai dai yanzu ba takarda. A 1986 Shugaba Ronald Reagan ya sa hannu a wata doka da ta yafe wa mutum wajen miliyan 2.7, aka ba su izinin zama. Bayan shekara 10 sai iska ta juya. Ran 30 ga Satumba 1996 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a sabuwar doka mai tsanani, wadda ta fara ƙirga wa mutane kwanakin zamansu daga 1 ga Afrilu 1997. A kan wannan doka maganarmu take.

Mutane da yawa suna zaton da zarar baƙo ya auri Ba'amurkiya shi ke nan ya sami takardar zama. Ba haka abin yake ba. Aure yana ba matar damar roƙa wa mijinta takardar zama ta dindindin, wadda ake yi wa laƙabi da koren kati. Amma kafin a ba shi sai an tambaya, ta ina ya shigo? Wanda ya zo da fasfo da biza, ma'aikaci ya dube shi a filin jirgi ya buga masa hatimi, sa'an nan ya ƙi komawa bayan wa'adinsa ya cika, in ya auri 'yar ƙasa yana iya gyara takardunsa yana zaune a gidansa, ko da ya yi shekaru da wuce wa'adin. Yawancin mutanen Afirka ta Yamma da takardunsu suka mutu a can irin wannan ne halinsu. Wanda kuwa ya bi ta kogi ko ta hamada, babu ma'aikacin da ya gan shi, ba a gyara masa a cikin ƙasa. Tilas ya fita, ya je ofishin jakadancin Amurka na ƙasarsu a yi masa tambayoyi. In mutumin Meksiko ne, garin Huwares zai je, wanda ke bakin iyaka daura da garin El Faso na jihar Teksas. A dā akwai wata 'yar ƙofa: mutum ya biya tarar da ta kai dala 1,000 a gyara masa a cikin ƙasa. Amma an rufe ta ga duk wanda ba a shigar masa da takarda ba kafin ƙarshen Afrilu 2001.

A nan tarkon yake. Dokar 1996 ta ce wanda ya zauna ba izini fiye da kwana 180 amma bai cika shekara ba, in ya fita ba zai dawo ba sai bayan shekara 3. Wanda ya yi shekara guda ko fiye, in ya fita sai bayan shekara 10. Ka lura, mai karatu, fitar ita ce ke tayar da hukuncin. Watau doka ta ce masa sai ka fita za a ba ka takarda, ita dokar kuma ta ce ranar da ka fita an rufe maka ƙofa shekara 10.

Saboda masu yin dokar sun san wannan zai raba gidaje, suka bar hanyar neman afuwa. Takardar da ake cikawa ana kiranta I-601. Sharaɗinta guda ne babba: a nuna cewa in an hana mutumin nan dawowa, matarsa, ko uwarsa, ko ubansa, wanda yake ɗan ƙasa ko mai koren kati, zai shiga matsananciyar wahala. Ma'aikacin da ke duba takardar yana auna halin da matar za ta shiga in ta zauna ba shi, ko in ta bi shi ƙasarsu. Yana duban lafiyarta, da bashin da ke kanta, da ko tana jinyar tsofaffin iyaye, da ko akwai magani da zaman lafiya a ƙasar mijin, yana haɗa su duka ya auna. Amma an sha yanke hukunci cewa baƙin cikin rabuwa da kewa da raguwar abin hannu, irin wanda ke samun duk matar da aka raba ta da mijinta, bai isa ba shi kaɗai. Sai an nuna abin da ya wuce wannan. Bayan an nuna ma, ba tilas ne a yafe ba, ganin damar hukuma ne, dokar kuma ta hana kotu sake duba wannan ganin dama.

Akwai abu biyu da suka ɓace a wannan ma'auni. Na farko, 'ya'ya. Yaron da aka haifa a Amurka, ɗan ƙasa ne, amma dokar ba ta sa shi cikin waɗanda ake duban wahalarsu ba. Ba a ƙirga kukansa sai ta fuskar yadda zai nauyaya wa uwarsa. Na biyu, shi kansa mai laifin. Wahalarsa ba ta shiga lissafi. Halinsa na kirki kuma, da aikinsa, da harajin da ya biya, ba a waiwaye su sai bayan an gama tabbatar da wahalar matar. In ba a tabbatar ba, ko da ya fi kowa kirki a unguwa, takardarsa ta faɗi.

Wannan wuri ya cancanci a tsaya a kansa, don ya saɓa wa abin da muka saba kira afuwa. In yaro ya yi laifi aka kai shi gaban babba neman gafara, abin da babban zai duba shi ne girman laifin, da dalilin da ya sa aka yi shi, da ko yaron ya yi nadama, da yadda ya kasance tun daga ranar. Afuwar dokar Amurka kuwa ta juya wa mai laifi baya, ta fuskanci matarsa ta ce, ke, nawa za ki sha wuya? Don haka sai ka ga mace mai mutunci ta tattara takardun likita, da takardun bashi, da shaidar cewa ba ta iya barci, tana baje sirrin gidanta a gaban wanda ba ta taɓa gani ba, tana ƙoƙarin nuna cewa ita ba ta iya tsayawa da ƙafafunta. Mace mai ƙoshin lafiya, mai albashi, mai haƙuri, wadda za ta daure ta riƙe gida, ita ce ta fi kusa da rasa mijinta. Wadda ciwo ya kama, ko talauci ya danne, ita ce takardarta ta fi ƙarfi. Har wani lokaci a kan rage nauyin kukan matar in an ga ta san halin mijin kafin ta aure shi, a ce ai da idonta biyu ta shiga.

Duk da haka ba zan ce wannan ma'auni wauta ne ba. Akwai hankali a bayansa. Gwamnati tana cewa, ni alhakin 'yan ƙasata ke wuyana. Baƙon da ya karya dokata ba ya bina bashin kome, amma matarsa tana bina, don haka in na sassauta, saboda ita na sassauta. Wannan magana ce da ake iya tsayawa a kanta. Kuma an yi ƙoƙarin rage zafin abin. A dā sai mutum ya fita tukuna sa'an nan ya nemi afuwa, ya zauna a waje wata da watanni bai san makomarsa ba, shi ya sa da yawa suka ƙi fita sam. Daga Maris 2013, zamanin Shugaba Barack Obama, aka fito da takardar I-601A, wadda mutum ke cikawa yana gida, sai an amince sa'an nan ya tafi ofishin jakadanci, sau da yawa ya dawo cikin 'yan makonni. A 2016 aka faɗaɗa ta, ta haɗa da iyalan masu koren kati. Jira dai ya yi tsawo, a wajajen 2023 mutane da yawa sun yi fiye da shekara 3 suna sauraron amsa, amma ƙofa ce, kuma dubbai sun bi ta.

Duk abin da muka faɗa ya shafi wanda ya shiga sau ɗaya ya zauna. Wanda ya shiga, ya fita, ya sake shiga, nasa hukuncin daban ne, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Dokar ta ce, wanda zamansa na rashin izini, in an tara shi duka, ya wuce shekara guda, ko wanda aka taɓa yanke masa hukuncin kora, sa'an nan ya sake shiga ko ya yi yunƙurin sake shiga ba ta ƙofa ba, an haramta masa ƙasar har abada. Afuwar matsananciyar wahala ba ta aiki a kansa. Ko matarsa tana kwance a asibiti, ko 'ya'yansa nawa ne, ba wurin da za a rubuta wannan. Abin da ya rage masa shi ne ya fita ya cika shekara 10 cur a wajen Amurka, bayan nan ne zai sami damar cika wata takarda, I-212, yana roƙon izinin sake neman shiga, a ba shi ko a hana shi. Hukumar da ke sauraron ɗaukaka ƙara a kan sha'anin baƙi ta tabbatar a 2006 cewa ba a tsallake waɗannan shekaru 10.

Don a gane nauyin abin, mu kwatanta da mutum biyu. A ce dukansu magina ne, ƙauyensu ɗaya, sun haye iyaka dare ɗaya a 2005. Bayan shekara 3 aka aiko wa kowannensu cewa mahaifiyarsa tana kan gargara. Na farko ya yi lissafi, ya ga in ya tafi dawowa za ta yi wuya, ya aika da kuɗi ya zauna, aka binne ta ba ya nan. Na biyu ya kasa daurewa, ya tafi ya riƙe hannunta har ta cika, ya yi zaman makoki, sa'an nan ya tuna ya bar mace da jariri a Amurka, ya sake biyo hamada ya dawo. Yau dukansu suna da mata 'yan ƙasa, ba wanda ɗan sanda ya taɓa kamawa. Na farko, da ya shekara 20 yana zaune ba izini ba tare da ya ɗaga ƙafa ba, yana iya neman afuwa, ya je Huwares ya dawo da takarda. Na biyu kuwa babu afuwa a gare shi.

To, jama'a, wane ne ya fi laifi a cikinsu? In da hali ake dubawa, ba na tsammanin akwai dattijon da zai ce wanda ya je ya binne uwarsa ya fi ɗan'uwansa mugunta. Abin da ya fitar da shi haƙƙin uwa ne, abin da ya dawo da shi haƙƙin mata da ɗa. Laifi dai laifi ne, ya haura katanga sau biyu, ba mai musun wannan. Amma dokar ba ta da wurin da za ta tambaye shi me ya sa.

Masu goyon bayan tsananin suna da hujjoji, kuma bai kamata a raina su ba. Suna cewa kuskure ɗaya ana iya ɗora shi a kan ƙuruciya ko yunwa ko rashin sani, amma wanda ya maimaita ya nuna bai ɗauki dokar a bakin kome ba, musamman wanda alƙali ya kora ya juyo. Suna cewa akwai miliyoyin mutane a ƙasashe da yawa da suka cika takardu, suka biya kuɗi, suna jira shekara da shekaru, in an yafe wa mai tsallake layi an cuce su. Suna cewa hanyar hamada tana cin rayuka, masu fataucin mutane suna karɓar dubban daloli a kan kowane kai, duk sassauci kuwa talla ce a gare su. Suna kuma cewa doka mai layi ɗaya a miƙe ta fi adalci a kan wadda aka bar wa ma'aikaci ya duba zuciya, don ma'aikaci yana iya son kai, yana iya karɓar toshiya, mai wayon baki da mai kuɗin lauya su tsira, talaka ya faɗi. Wannan hujja ta ƙarshe ita ta fi nauyi a wurina. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban tebur yana jiran ganin damar wani ya san daɗin doka wadda ba ta san fuska ba.

Amma in an auna su, hujjojin nan suna nuna ya kamata a hukunta mai maimaitawa fiye da mai yi sau ɗaya ne kawai. Ba su kai ga cewa kada a saurare shi ba. Tsakanin ƙara wa mutum hukunci da toshe kunne daga jin uzurinsa akwai tazara mai yawa. Ko wanda ya yi babban laifi ana barinsa ya yi magana kafin a yanke masa, alƙali ya duba abin da ya tura shi. Batun ma'aikaci mai son kai kuma, ai an riga an amince wa wannan ma'aikacin ya auna wahalar matar magini na farko. Ban ga abin da zai sa hankalinsa ya gaza ba in takardar na biyu ce ta zo gabansa.

Masu yin dokar ma sun san dalili yana da muhimmanci, don sun bar ƙofa guda a jikin wannan haramci. Matar da mijinta ɗan ƙasa ko mai koren kati ya gallaza mata da duka ko azaba, in ta nuna cewa akwai dangantaka tsakanin azabar da fitarta ko dawowarta, ana iya yafe mata. Wannan daidai ne ƙwarai. Amma da zarar an yarda cewa akwai dalilin da ke wanke sake shiga, an yarda cewa ƙirga shiga kaɗai bai isa ya bayyana halin mutum ba. Sauran magana ita ce waɗanne dalilai za a karɓa, kuma jinyar uwa da riƙon 'ya'ya ba ƙananan dalilai ba ne.

Akwai kuma waɗanda ba su da zaɓi ko kaɗan. A hukuncin shekara 3 da na shekara 10, ba a ƙirga kwanakin da mutum ya yi kafin ya cika shekara 18. Amma hukumar shige da fice ta ɗauki cewa wannan rangwame bai shafi haramcin har abada ba. Watau yarinyar da aka goyo ta aka shigo da ita, ta yi 'yan shekaru, iyayenta suka kai ta gida ganin kaka, suka sake dawowa da ita ta ɓoye tana 'yar shekara 8, tana iya girma ta yi aure ta tarar an rufe mata ƙofa saboda tafiyar da ba a nemi shawararta ba. A nan hujjar raina doka ta faɗi gaba ɗaya, don ba wanda zai ce yarinya ta raina abin da ba ta san da shi ba.

Sai kuma mu tambaya, tsananin ya biya bukata? Wani malamin jami'ar Firinston, Douglas Massey, da abokan aikinsa sun shafe shekaru suna bin sawun ma'aikatan Meksiko. Abin da suka gano shi ne, da aka tsananta tsaron iyaka, mutanen da a dā suke zuwa su koma sai suka daina komawa, suka zauna, suka kawo iyalansu. Hankali ma ya nuna haka. In ka gaya wa mutum ranar da ya fita ya rasa kome, ai ka ɗaure shi ne a ciki. Magini na biyu da aka ce ya tafi ya yi shekara 10 a waje, yaya za a yi ya tafi? Ɗansa mai shekara 7 zai zama saurayi kafin a fara duba takardarsa, ba kuma tabbacin za a ba shi. Galibi sai ya zauna a ɓoye, yana tuƙa mota da fargaba, mai aiki ya danne masa haƙƙi ba ya iya kai ƙara. Ƙasar kuwa tana zaune a gidajen da ya gina, tana cin abin da irinsa suka noma. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski.

Wata ɓarna da dokar ke haifarwa ita ce jarrabar ƙarya. Tun da magana ɗaya, cewa na taɓa fita na dawo, tana iya rushe gida, wasu sukan so su ɓoye ta, wasu miyagun masu cika takardu ma sukan ba su shawarar haka. Wannan hanya ce ta halaka. Ma'aikatan iyaka suna ɗaukar zanen yatsun wanda suka kama, kuma ba sa yar da shi. Ƙarya a gaban ma'aikacin biza laifi ne dabam mai nasa haramcin na har abada. Wanda kuma ya taɓa cewa shi ɗan ƙasa ne alhali ba haka ba, don ya sami aiki ko ya wuce iyaka, tun daga ƙarshen Satumba 1996 wannan ba shi da afuwa ga mai neman koren kati, in ban da 'yan kaɗan da doka ta keɓe. Mutane da yawa ma ba su san matsayinsu ba. An tare su a iyaka da dare shekaru da suka wuce, an miƙa musu takarda da Turanci sun sa hannu, ba su san ko komawa ce ta ganin dama ko hukuncin kora ba, alhali bambancin nan shi ke raba mai samun afuwa da marar samu. Shi ya sa lauyan kirki ba ya barin mutum ya taka waje sai ya nemi fayil ɗinsa daga hannun Gwamnati ya karanta. Akwai waɗanda suka je Huwares da afuwarsu a hannu, aka tono tsohuwar shiga, afuwar ta warware nan take, suka maƙale a can.

Wani zai ce, to ita matar fa, ba ta da haƙƙin zama da mijinta a ƙasar haihuwarta? An kai irin wannan tambaya gaban Kotun Ƙolin Amurka. Wata 'yar ƙasa ce mijinta mutumin El Salbado ya koma gida neman biza aka hana shi, bisa zargin yana cikin ƙungiyar 'yan daba, zargin da suka musanta. A watan Yuni 2024 mafi rinjayen alƙalan kotun suka yanke cewa tsarin mulkin ƙasar bai ba ɗan ƙasa wani haƙƙi na asali na a shigo masa da abokin aurensa ba. A wannan watan ne kuma Shugaba Joe Biden ya sanar da wani shiri na barin mazaje da matan 'yan ƙasa da suka shekara 10 a Amurka su gyara takardunsu ba sai sun fita ba, aka ƙiyasta zai shafi mutum wajen 500,000. Jihar Teksas da wasu jihohi suka kai ƙara, a watan Nuwamba 2024 wani alƙalin tarayya a Teksas ya soke shirin, ya ce shugaba ba shi da wannan iko. Ma'anar duka biyun ita ce, Majalisar da ta ƙulla wannan ƙulli a 1996 ita kaɗai ke iya kwance shi.

In da za a tambaye ni abin da ya kamata Majalisar ta yi, ba zan ce a buɗe iyaka ba, ba kuma zan ce aure ya wanke kowane laifi ba, don auren ƙarya saboda takarda yana nan, masu mugun nufi ma suna nan. A bar hukuncin mai maimaitawa ya fi na mai yi sau ɗaya, a ci shi tara mai zafi, a tsawaita masa jira kafin ya zama ɗan ƙasa, wanda ya haɗa da ta'addanci ko fataucin mutane kuma a rufe masa ƙofa. Amma a bar magini na biyu ya shigar da takarda kamar yadda ɗan'uwansa ya shigar. A sa 'ya'yansa cikin waɗanda ake duban wahalarsu. A daina ƙirga wa mutum tafiyar da aka yi da shi yana yaro. A kuma ƙara layi guda a jikin takardar, inda zai rubuta ranar da ya fita, da abin da ya fitar da shi, da abin da ya dawo da shi, ya haɗa da takardar mutuwar mahaifiyarsa in ita ce shaidarsa, ma'aikaci ya karanta kafin ya buga hatimi.